FILIN DARASI: YADDA MATAR AURE ZA TA SAMI TAKARDAR SAKANDARE TANA ƊAKINTA

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani abu da ya daɗe yana ci wa da yawa daga cikinmu tuwo a ƙwarya, wato rashin takardar shaidar kammala sakandare. Wata an cire ta daga makaranta tana aji uku aka yi mata aure. Wata ta kai aji shida har ta zauna jarrabawa, amma Turanci ko Lissafi ya kayar da ita, kafin ta sake zama sai ga biki, sai ga goyo, shi ke nan magana ta bi ruwa. Shekaru goma ko goma sha biyar bayan haka sai a ji ana ɗaukar malamai mata a firamaren unguwa, ko an buɗe sayar da fom na makarantar ungozoma, ko kuma mutuwa ko rabuwar aure ta bar mace da yara a hannu tana neman abin da za ta riƙe su da shi. Duk ƙofar da ta ƙwanƙwasa tambaya ɗaya ake yi mata: ina takardarki?

To 'yar uwa, ki sani wannan takarda ba ta wuce ki ba. Akwai hanyar da hukuma ta tanada wadda mace za ta same ta ba tare da ta koma ta sa yunifom ta zauna aji ɗaya da sa'o'in 'ya'yanta ba. Sai dai hanyar tana da ƙa'idoji, kuma yawancin matan da suka yi asarar kuɗinsu a kanta rashin sanin ƙa'idojin ne ya ja musu, ba rashin ƙwaƙwalwa ba. Shi ya sa za mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

WACE JARRABAWA CE WANNAN?

A Nijeriya hukumomi huɗu ne ke shirya jarrabawar kammala sakandare. Ta farko ita ce WAEC, wadda aka kafa a 1952, kuma ƙasashe biyar ne suka haɗu a cikinta: Nijeriya, Ghana, Saliyo, Gambiya da Laberiya. Ta biyu ita ce NECO, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1999, hedikwatarta tana Minna. Ta uku NABTEB da ke Benin, an kafa ta a 1992, ita ta fi karkata ga darussan sana'a da kasuwanci. Ta huɗu kuwa NBAIS ce, mai kula da jarrabawar makarantun Larabci da addinin Musulunci, wadda asalinta ke komawa zamanin Sardauna a 1960, hedikwatarta tana Kaduna. Hukumar JAMB, mai kula da shiga manyan makarantu, tana karɓar sakamakon duka huɗun.

WAEC da NECO, waɗanda su ne aka fi sani, kowace tana da jarrabawa iri biyu. Akwai ta 'yan makaranta, wadda ɗaliban aji shida ke yi a tsakiyar shekara, makarantarsu ce ke yi musu rajista. Akwai kuma ta 'yan waje, wadda mutane suka saba kira GCE, ita ce tamu. A wannan ba a tambayar wace makaranta kike, ba a kuma ce shekarunki sun yi yawa. Mai shekara 25 da mai shekara 50 duk ɗaya ne a wurin hukumar. Ki yi rajista, a ba ki santa, ki je ki rubuta, a fitar miki da sakamako.

NECO tana yin tata ta 'yan waje ne a watannin Nuwamba da Disamba. WAEC kuma tun daga 2018 ta mayar da tata sau biyu a shekara: zango na farko a wajejen Janairu da Fabrairu, zango na biyu a ƙarshen shekara. Ma'ana wadda ta faɗi wani darasi ba sai ta jira shekara guda cur ba kafin ta sake gwadawa.

Wasu na cewa takardar GCE ba ta kai ta 'yan makaranta daraja ba. Wannan magana ba ta da tushe. Manhaja ɗaya ce, hukuma ɗaya ce, kuma jami'o'i da ma'aikatu suna karɓar su daidai wa daida. Takardar kuma ba ta tsufa. In kin samu bana, ko bayan shekara ashirin tana nan da ƙarfinta. Bambanci ɗaya da ya kamata ki sani shi ne, ɗan makaranta ana haɗa masa da makin gwaje-gwajen da ya yi a aji, ke kuwa abin da kika rubuta a ɗakin jarrabawa shi kaɗai za a duba. Don haka shirinki ya zama mai ƙwari.

MENE NE KIREDIT BIYAR?

Ana ba da sakamakon kowane darasi ne daga A1 zuwa F9. A1, B2, B3, C4, C5 da C6 su ne kiredit. D7 da E8 an ci amma ba a kai kiredit ba, F9 kuwa faɗuwa ce. Abin da jami'o'i ke nema shi ne kiredit biyar a darussan da suka dace da abin da mutum zai karanta, kuma a same su a zama ɗaya ko biyu, kada ya wuce haka.

Ki riƙe wannan magana ta zama biyu da kyau, domin a nan sauƙin yake ga matar aure. Misali, kin taɓa rubuta NECO a 2010 kin sami kiredit a Hausa, Addinin Musulunci da Tattalin Arziki, amma kin sami D7 a Turanci, F9 a Lissafi. Wannan tsohon sakamako zama ɗaya ne, yana nan bai mutu ba. Abin da ya rage miki shi ne ki sake zama sau ɗaya ki ci Turanci da Lissafi, ki haɗa biyun, kin cika biyar ke nan. Yawancin makarantu ma suna yarda a haɗa WAEC da NECO. Saboda haka kafin komai, ki buɗe akwati ki nemo tsohon sakamakonki, in ya ɓata ki je tsohuwar makarantarki a duba miki. Sai dai wasu kwasa-kwasai masu tsauri, kamar karatun likita a wasu jami'o'i, zama ɗaya suke so.

Shekara da shekaru ƙa'idar ita ce dole Turanci da Lissafi su kasance cikin biyar ɗin ga kowa. A watan Oktoba na 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da sassauci, cewa masu neman karanta fannonin adabi da harsuna ba dole ne sai da kiredit a Lissafi za a ɗauke su ba, amma Turanci yana nan a kan kowa a jami'a, kuma har yanzu ana rubuta duka biyun a jarrabawa. Shawarata ita ce kada ki dogara da wannan sassauci ki yi watsi da Lissafi, domin ba ki san inda rayuwa za ta kai ki ba, kuma masu ɗaukar aiki da yawa suna duba shi.

KI FARA SANIN INDA ZA KI

Babban kuskuren da mata ke yi shi ne su tafi shagon intanet su ce wa yaron da ke wurin, "Zaɓar mini masu sauƙi." Sai sakamako ya fito da kiredit shida ko bakwai, a yi ta murna, ranar da aka je sayen fom a ce mata darussan nan ba su ne ake buƙata ba. Kuɗi sun tafi, shekara ta tafi. Kafin ki zaɓi darasi ko ɗaya, ki zauna ki tambayi kanki me za ki yi da takardar.

Idan burinki aikin jinya ne ko ungozoma, to darussa biyar ne babu canji: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks, duka da kiredit, a zama da bai wuce biyu ba. Makarantun koyon aikin lafiya na jihohi, masu horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci, su ma darussan kimiyya suke nema. Kowa ya san yadda muke ƙorafi in mun je awo ko haihuwa muka tarar babu mace a bakin aiki. Wannan giɓi da kiredit biyar ɗin nan ake fara cike shi. Amma gaskiya ɗaya ce, Kemistiri da Fiziks ba a koyon su a ɗaki kai kaɗai; wadda ta zaɓi wannan hanya lallai ta nemi aji da malami. 'Yan waje ba a sa su haɗa sinadarai a ɗakin gwaji, akwai takarda ta musamman da ake rubutawa a madadin haka, ita ma tana da nata salon da sai an koya.

Idan kuma koyarwa kike so, takardar NCE ita ce mafi ƙarancin abin da ake nema ga malami a Nijeriya. A nan sai ki duba darussan da za ki haɗa a kwalejin ilimi, kamar Hausa da Addinin Musulunci, ko Larabci da Addinin Musulunci, ki tabbata kin saka su cikin rajistarki. Wadda ta yi nisa a Islamiyya tana da jari babba a nan, domin abin da ake tambaya a darasin addini na WAEC da NECO, na tarihin Annabi (SAW) da halifofi da hukunce-hukuncen ibada da aure da gado, yawancinsa ta riga ta sani. Abin da zai ba ta wahala shi ne da Turanci ake tambaya, da Turanci ake amsawa. Wadda Larabcinta ya fi Turancinta ƙarfi sai ta bincika jarrabawar NBAIS a makarantar sakandaren Larabci mafi kusa da ita, ta ji yadda ake shiga.

Mai son harkar kasuwanci ko aikin ofis kuma sai ta dubi Tattalin Arziki, Kasuwanci, Akanta da darasin Gwamnati. Ba a wuce darussa tara a zama ɗaya. Ki rubuta biyar ɗin da kike buƙata a takarda da hannunki kafin ki bar gida, sauran ki cike da waɗanda kika fi sabawa da su.

A WANE MATAKI KIKE?

Ba dukkanmu ne a wuri ɗaya ba, don haka kowace ta auna kanta tsakani da Allah.

Kashi na farko su ne waɗanda suka gama aji shida, darasi ɗaya ko biyu ne ya hana su. Waɗannan in sun dage, wata shida zuwa tara na bita ya ishe su.

Kashi na biyu su ne waɗanda suka tsaya a aji uku, huɗu ko biyar. Suna karanta Turanci, suna fahimtar kaɗan, amma akwai abubuwan manhaja da ba su taɓa gani ba. Waɗannan su ba kansu shekara ɗaya zuwa biyu, kuma su shiga aji.

Kashi na uku su ne waɗanda firamare kawai suka yi, ko ma ba su yi boko ba sam. 'Yar uwa in kina cikin wannan kashi kada ki yarda wani ya ruɗe ki ki biya kuɗin rajista bana. Ki fara daga tushe. Kowace jiha tana da hukumar ilimin manya. Ta Jihar Kano tun 1980 aka kafa ta, ta tarayya kuma a 1990. Suna da azuzuwan yaƙi da jahilci, da na gaba da su, har zuwa matakin sakandare, kuma akwai cibiyoyin mata zalla a garuruwa irin su Kano da Sakkwato inda matan aure ke zuwa da hijabinsu, wasu ma da goyonsu. Hanyar tana da tsawo, za ta iya ɗaukar shekara biyar ko shida, amma ai shekarun za su wuce ko kin yi karatun ko ba ki yi ba.

Ga hanya mai sauƙi ta gane matakinki. Ki samo tambayoyin Turanci da Lissafi na wata shekara da ta wuce, ki zauna ki amsa na zaɓi ba tare da duba littafi ba, ki ba wani malami ko ɗanki na sakandare ya duba miki. In kin ci rabi, kina kusa. In ba ki kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, ki ƙara wa kanki lokaci. Babu abin kunya a ciki.

RANAR RAJISTA

Yanzu duk rajista ta intanet ake yi, a shagunan da hukumar ta amince da su ko a ofishinta na jiha. Za a buƙaci lambarki ta katin ɗan ƙasa, wato NIN, da hoto, da lambar waya, sannan a ɗauki zanen yatsunki a na'ura. Akwai abubuwa uku da suka shafe mu mata musamman.

Na farko suna. Da yawa daga cikinmu a takardar firamare sunan mahaifi ne, a katin ɗan ƙasa sunan miji, a banki kuma an ƙara Hajiya ko an sa sunan gari. In za ki haɗa tsohon sakamako da sabo, dole sunan da ke jikinsu ya zama iri ɗaya harafi da harafi, haka ma ranar haihuwa. A'isha da Aishatu suna biyu ne a wurin kwamfuta. Mafi aminci shi ne ki tsaya a kan sunanki da na mahaifinki, wanda ba ya canzawa komai ya faru, ki gyara katin ɗan ƙasa ya dace da shi tun kafin rajista. Gyara bayan takarda ta fito abu ne mai wuya da cin kuɗi, ranar haihuwa ma ta fi wuyar gyaruwa. Kada ki bar shagon sai kin karanta abin da aka buga da idonki, kin tabbatar da suna da darussa.

Na biyu lalle. Ƙunshi, musamman baƙi mai kama yatsu, yana hana na'ura karanta zanen yatsa, har hukumar JAMB ta sha yin gargaɗi a kan haka. Ki haƙura da ƙunshi makonni kafin rajista da kuma duk tsawon jarrabawa, ko da bikin ƙanwarki ne. Wadda wanki da omo ya cinye mata fatar yatsu ita ma ta kula da hannunta kafin ranar.

Na uku santa. Ki zaɓi wadda ke cikin garinku, ki je ki gan ta da ƙafarki kafin ranar farko don ki san kuɗin mota da tsawon tafiya. Ana shiga da hijabi, amma za a duba fuska a gwada da hoto, kuma za a caje ki, don haka ki nemi mace cikin masu tsaro ta yi miki. Waya ba ta shiga ɗakin jarrabawa ko a kashe take.

Wani sabon abu kuma shi ne kwamfuta. A farkon 2024 WAEC ta fara yi wa 'yan waje jarrabawa a kwamfuta: tambayoyin zaɓi a amsa su a na'ura, na dogon rubutu kuma a karanta a allon na'ura a rubuta amsa a takarda. A 2025 ma Gwamnatin Tarayya ta bayyana aniyarta ta mayar da jarrabawar WAEC da NECO gaba ɗaya kan wannan tsari. Kada wannan ya tsorata ki. Wadda ta iya tura saƙo a WhatsApp za ta iya. Ki je shagon intanet sau uku ko huɗu ki koyi riƙe linzamin kwamfuta da latsa amsa, don kada ranar jarrabawa ta zama ranar farko da hannunki ya taɓa ta.

YADDA ZA KI YI KARATU A GIDA

Kayan aikinki uku ne: manhajar hukumar ta wannan shekara, littattafan sakandare na aji huɗu zuwa shida, da littafin tambayoyin shekarun baya. Littattafan ba sai sababbi ba, na yaran gida ko na maƙwabta sun wadatar. Amma a darasin Hausa da na Adabin Turanci akwai littattafan da ake zaɓa, kuma ana canza su bayan 'yan shekaru, don haka ki tabbatar waɗanda ke hannunki su ne ake yayi.

Matar aure ba ta da awa biyar a jere, kuma ba ta buƙatar su. Awa ɗaya bayan sallar asuba kafin gida ya tashi, rabin awa da hantsi bayan yara sun tafi makaranta, awa ɗaya bayan isha'i. In kika riƙe haka kwana shida a mako kin sami awa 15, a wata tara kuwa kin haura awa 500. Lokacin asuba ki ba Lissafi, don a lokacin ƙwaƙwalwa ta fi sakewa. Mai abokiyar zama ta tsara jadawalinta da ranakun girki: ranar da ba ke ce da girki ba ki ɗauki darasi mai nauyi, ranar girkinki ki yi bitar abin da kika riga kika karanta.

Turancin WAEC takarda uku ne. Akwai tambayoyin zaɓi guda 80 a kan nahawu da ma'anar kalmomi. Akwai ta rubutu mai maki 100, wadda ta ƙunshi insha'i mai maki 50, auna fahimta mai maki 20, da taƙaita labari mai maki 30. Sai ta uku, tambayoyi 60 a kan furucin kalmomi. Kin ga insha'i shi ne rabin takarda ta biyu, kuma kalmomi kusan 450 ake so, wasiƙa ko labari ko muhawara ko jawabi. Maganinsa ɗaya ne: ki rubuta guda ɗaya duk mako ki ba wanda ya iya ya gyara miki da jan biro. Ki koyi tsarin wasiƙar hukuma da ta zumunci har ki haddace. Ki yi jimloli gajeru waɗanda kika tabbatar da su, domin kowane kuskuren rubutu yana rage maki. A wajen taƙaitawa kuma kada ki kwafe jimlar labarin yadda take, ki faɗe ta da kalmominki. Ki riƙa sauraron labaran Turanci a rediyo ko da minti goma ne a rana, kunne ma yana koyo.

Lissafi takarda biyu ne: tambayoyin zaɓi 50, sai na aiki guda 13 da za ki amsa 10 daga ciki. Mata da yawa suna jin sunan Lissafi gabansu ya faɗi, alhali kullum cikinsa suke. Wadda ta sari atamfa a kan Naira 8,000 ta sayar 10,000 ta san ta ci ribar 2,000. Abin da jarrabawa za ta ƙara tambaya shi ne ribar kashi nawa ce cikin ɗari: ki raba 2,000 da 8,000, ki ninka da 100, amsa 25. Uwar adashi da ke riƙe da zubin mutum goma sha biyu ba ta taɓa ruɗewa ba, ta fi ƙarfin ta ce ba ta iya lissafi ba. Ki fara da irin waɗannan, kaso da riba da faɗuwa da ma'auni, sannan ki shiga aljabara da kusurwoyi da zanen jadawali. Ki sani kuma a takarda ta biyu ana ba da maki a kan matakan aiki, ko da amsar ƙarshe ta kuskure. Don haka ki rubuta duk matakin da kika bi, kada ki bar tambaya fayau.

Karatun mutum ɗaya yana da saurin mutuwa. Ku haɗu ku uku ko huɗu a unguwa, ku sa rana biyu a mako a gidan ɗaya daga cikinku, ku haɗa kuɗi ku ɗauki malama ko wata ɗalibar jami'a ta riƙa yi muku Lissafi da Turanci. Kada kuma ki ji nauyin tambayar ɗanki ko 'yarki. Yaron da ya ga uwarsa da littafi a hannu da asuba, ba sai an yi masa faɗa a kan karatu ba.

MAIGIDA, KUƊI DA YARA

Jarrabawar tana ɗaukar makonni, wata rana da safe, wata rana har yamma, don haka ba abin da za a yi a ɓoye ba ne. Ki sami maigida a lokacin da hankalinsa ke kwance, ki zo masa da magana a shirye: ga abin da nake so in zama, ga darussan, ga kuɗin, ga ranakun da zan fita, ga wadda za ta riƙe yara, ga yadda abinci zai kasance. Maza da yawa da ke cewa a'a tsoron rikicewar gida ne ke sa su, in suka ga tsari sai su sauko, wani ma shi zai riƙa kai ki santa. In ya nuna shakka kada ki mayar da abin rigima. Ki nemi wani babba da yake jin nauyinsa ya sa baki.

Kuɗin rajista yana canzawa kusan duk shekara, kuma wanda ya makara ana ƙara masa tara. Ki tambayi adadin a ofishin hukumar, ki ƙara da kuɗin shago da na littattafai da na mota, ki shiga adashin da kwasarki za ta faɗo daidai lokacin rajista. Mai juna biyu ta lissafa watanninta, in haihuwa za ta haɗu da jarrabawa ta jira zango na gaba. Mai shayarwa ta tafi da wadda za ta riƙe mata jariri a waje.

HATTARA DA SANTAR "BIYA KI CI"

Da zarar an ji kina shirin jarrabawa, za a sami mai zuwa ya ce akwai wata santa a wani ƙauye, ki ba da kuɗi kaza a rubuta muku amsa a allo, ko ma wata ta zauna miki. 'Yar uwa ki toshe kunnenki. Dokar hana satar jarrabawa ta 1999 ta tanadi tara ko ɗauri, kuma duk shekara hukumomin nan suna riƙe sakamakon dubban mutane, wani lokaci a soke na santa ɗungurungum, mai laifi da marar laifi. Ko da an tsira daga wannan, ki yi tunanin ranar da za ki zauna a ajin ungozoma da A1 a Kemistiri alhali ba ki san komai a ciki ba, sannan ki yi tunanin ranar da za a miƙa miki ran wata mata da na jaririnta. C6 da kika samu da guminki za ta ɗauke ki zuwa inda A1 ta saye ba za ta kai ki ba.

BAYAN SAKAMAKO

Sakamako yana fitowa ne bayan 'yan watanni, ana duba shi ta intanet da lambar jarrabawa da lambar sirri, don haka ki adana katinki da duk takardun rajista a wuri ɗaya. Abin da aka buga miki a shago sakamako ne kawai. Ki bi sawu ki karɓi ainihin satifiket ɗin daga hukumar.

In kiredit sun cika, ƙofofi suna da yawa. Akwai jarrabawar JAMB ga mai son jami'a ko kwaleji. Akwai Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wato NOUN, wadda ake karatunta daga gida kuma tana da cibiyoyi a jihohi. Akwai Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, da ke Kaduna, mai ba da NCE ta hanyar karatu daga nesa, wanda ya dace da mai yara. In kuma ba su cika ba, ki duba abin da kika samu, ki ajiye shi a matsayin zama na farko, ki mayar da ƙarfinki kan abin da ya rage.

Aikin gida na wannan darasi guda uku ne, kuma ina so kowace ta yi su kafin fitowa ta gaba. Ki nemo tsofaffin takardunki ki gwada sunan da ke jikinsu da na katin ɗan ƙasa. Ki rubuta abin da kike so ki zama da darussa biyar da yake buƙata. Ki samo tambayoyin shekara ɗaya ki gwada kanki. Wadda kuma Allah ya riga ya ba ta takardarta, ta dubi maƙwabciyarta ko ƙanwarta da ba ta da ita, ta karanta mata wannan darasi, ta ba ta awa ɗaya a mako.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya sa albarka a gidajenmu da zuriyarmu.